Takardar Indijin da Aikin Ƙaramar Hukuma: Matsayin Bahaushen da Aka Haifa a Abakpa Nike

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman aikin gwamnati a Najeriya ya san layukan nan biyu da ke biyo bayan suna da ranar haihuwa: jihar asali, da ƙaramar hukumar asali. Ga yawancin mutane, cike su ba ya cin minti guda. Amma ga yaron da aka haifa a Abakpa Nike, ya yi firamare da sakandare a Enugu, Ibo a bakinsa kamar a nan aka yanke wa kakansa cibiya, a nan ne alƙalami ke tsayawa. In ya rubuta Enugu ta Gabas, wato ƙaramar hukumar da Abakpa take ciki, za a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asali, wadda muke kira indijin. In ya rubuta garin mahaifinsa a Arewa, to ya fitar da kansa da kansa daga jerin waɗanda za a duba a nan. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na Anacha da Fatakwal da Aba da Owerri.

Wannan bayani ne kan yadda ake ɗaukar ma'aikata a ƙaramar hukuma, da abin da doka ta ce game da baƙo da ɗan gida, da kuma inda ƙofa take a buɗe ko da kaɗan ne.

Wa ke ɗaukar ma'aikata?

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, Jihar Enugu na da 17 daga ciki. Hedikwatar Enugu ta Gabas tana Nkwo Nike. Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, lokacin da gwamnatin soja ta rushe tsohon tsarin En'e da makamantansa ta mayar da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa.

Mutane da yawa na zaton ciyaman ne ke ba da kowane aiki a sakatariya. Ba haka ba ne. Ma'aikata kashi biyu ne. Ƙananan ma'aikata, daga mataki na 01 zuwa na 06, kamar masinja da maigadi da direba da lebura da ƙaramin akawu, ƙaramar hukumar ce ke ɗaukarsu ta hannun wani kwamitin kula da ƙananan ma'aikata. Daga mataki na 07 zuwa sama kuwa, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ita ke ƙarin girma, ita ke canja wa ma'aikaci wurin aiki daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. Gwamna ne ke naɗa shugabanninta. Malaman firamare kuma suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, tare da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su ma a yawancin jihohi an tattara su ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha.

A bisa tsarin aikin gwamnati da aka saba, mai takardar sakandare yana farawa ne a mataki na 04, mai ƙaramar difloma a na 06, mai NCE a na 07, mai digiri ko babbar difloma a na 08. Ka ga kenan wanda ya tsaya a WAEC ko NECO, maganarsa na hannun sakatariya. Wanda ya kai NCE ko babbar difloma ko digiri, maganarsa na hannun jiha. Sanin wannan kaɗai zai rage wa wasu zaryar banza da kashe kuɗin keke.

Maganar albashi ma ba abin rainawa ba ce. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a ƙasa. Jihar Enugu ta sanar da 80,000, Ribas kuma 85,000. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a kara zai yi dariya. Amma ba kowane ɗan Hausa a Kudu ne ke da shanu ba. Akwai mai tura baro, akwai mai faci, akwai marayan da kawunsa ke riƙo, waɗanda albashin ƙarshen wata da fansho zai canja musu rayuwa.

Abin da tsarin mulki ya ce

In ka ɗauki kundin tsarin mulkin 1999 ka fara karantawa daga farko, za ka rantse ba mu da matsala. Sashe na 14(4) ya ce dole a tsara gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma da hukumominsu ta yadda za su nuna bambance-bambancen jama'ar da ke zaune a yankin, domin kowa ya ji ana yi da shi. A lura, maganar mutanen da ke cikin yankin ake yi, ba a ambaci 'yan asali ba. Sashe na 15 ya haramta nuna bambanci saboda wurin asali ko jinsi ko addini ko ƙabila ko harshe, ya kuma ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina. Sashe na 17 ya yi maganar ba kowa dama ya samu aikin da ya dace ba tare da wariya ba.

To ina gizo ke saƙar? Waɗannan sassa duk suna Babi na Biyu ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati bin abin da ke cikin wannan babi. Wato alƙawari ne, ba bashin da za ka kai ƙara a kansa ba.

Wanda ake iya zuwa kotu da shi shi ne sashe na 42, da ke babin 'yancin ɗan Adam. Ya ce ba za a tauye wa ɗan Najeriya wani haƙƙi ba saboda al'ummarsa ko ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa, kuma ba za a hana shi komai ba saboda yanayin haihuwarsa kawai. Sai dai ƙaramin sashe na 3 a ƙarƙashinsa ya bar wata kafa: dokar da ta sa sharaɗi kan wanda za a naɗa a muƙamin gwamnati ko soja ko ɗan sanda ba za ta rushe ba don kawai ta sa wannan sharaɗin. Abin da aka ba ka da hannun dama, an karɓe rabinsa da na hagu.

Sannan ga kalmar da ta fi ko wace tasiri. Sashe na 147(3) ya ce shugaban ƙasa zai naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma dole ya zama ɗan asalin jihar. Kundin bai tsaya ya fayyace wane ne ɗan asali ba. Abin da ya fi kusa da fassara yana sashe na 318, inda aka ce mutum na jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asali a jihar. Babu maganar inda aka haife ka, babu maganar shekarun da ka yi, babu maganar harajin da ka biya. Jini kawai. Wannan tunani ya shigo ne tun kundin 1979, wanda ya fara kawo tsarin raba-daidai bayan yaƙin basasa, don kada wata ƙabila ta mamaye gwamnatin tarayya. Niyyar mai kyau ce, kuma Arewa ta amfana da ita sosai, wannan ba a musu. Amma ita ce kuma ta haifar mana da wannan tarko.

Takardar da sakatariya ke bayarwa

A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Hukumar Raba-Daidai ta Tarayya, daga baya kundin 1999 ya tabbatar da ita a sashe na 153. Ita ce ta fitar da ƙa'idojin da ake bi wajen rabon guraben aiki. A cikinsu ta ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓe shi a matsayin ɗan asali. Ta ƙara da cewa ba a yarda mutum ya yi iƙirarin ƙananan hukumomi biyu ba.

A sake duba wannan yanki na biyu da kyau, domin shi ne zuciyar maganar: wanda ƙaramar hukuma ta karɓa. Ma'ana babu wata dokar tarayya da ta hana Enugu ta Gabas ko Anacha ta Arewa ko Birnin Fatakwal ba ɗan Hausa indijin. Ikon yana hannun sakatariya. A aikace kuwa, kafin a ba mutum takardar ana neman shaidar basaraken garinsu ko kansilan mazaɓarsa cewa ɗan wane ne, daga gidan wane, a ƙauye kaza. A ƙasar Ibo wannan yana komawa ne ga umunna, wato dangin uba da ke da tushe a ƙasar gari. Wanda kakansa ya zo da shanu daga Sakkwato ko Hadeja ba shi da umunna a Nike, ko da ya shekara 60 a Abakpa.

Sai yaro ya ce bari ya koma gida ya karɓo. Wanda mahaifinsa bai yanke zumunci da gida ba, yana zuwa Sallah, dagaci ya san gidansu, zai samu ba wahala. Amma akwai gidajen da suka kai zuriya ta uku ko ta huɗu a Kudu. Tsohon da ya san hanyar ƙauye ya rasu, yaran ba su taɓa zuwa ba, Hausarsu ma ta sha Ibo da Turancin buroka. Irin waɗannan in sun je sai mai unguwa ya ce bai san su ba, kuma gaskiyarsa. Su ne ake ce wa ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto kan wannan a 2006, inda ta nuna akwai 'yan Najeriya masu yawa da babu wata ƙaramar hukuma da za ta ba su takardar asali.

Ko wanda ya samo ta gida, amfaninta a aikin tarayya ne, kamar soja da ɗan sanda da kwastan da shiga jami'ar tarayya, inda zai shiga kason jihar mahaifinsa. A sakatariyar da ke kusa da gidansu kuwa, ita ce shaidar cewa shi baƙo ne.

Malam Umaru Altine

Abin da zai ba matasanmu mamaki shi ne garin nan na Enugu ya taɓa zaɓen ɗan Arewa ya shugabance shi. Malam Umaru Altine Bafulatani ne daga Sifawa a ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ne ya kawo shi Enugu, kamar yadda ya kawo iyayen da yawa daga cikinmu. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, ya yi fice a reshen matasanta na Enugu, kuma lokacin da aka ɗaga darajar garin ya zama birni mai magajin gari a 1956, shi ne ya zama magajin gari na farko.

Ana yawan ba da wannan labari a Facebook duk lokacin da aka yi rikici, a ce dubi yadda ake zaman lafiya a da. Ni a ganina darasin ya wuce nan. Enugu gari ne da kwal ya kafa. An gano kwal a yankin a 1909, aka fara haƙa wajen 1915, jirgin ƙasa ya haɗa wurin da Fatakwal a 1916. Kusan duk wanda ke cikin garin a lokacin zuwa ya yi, daga ma'aikacin kwal har ɗan reluwe har ɗan kasuwa. Ba a tambayi Altine takardar indijin ba domin babu ita a yadda muka san ta yau. Abin da ya kai shi kujerar shi ne ya shiga jam'iyyar da mutanen gari ke ciki, ya yi aiki a cikinta, ya san mutane suka san shi. Bai zauna a zango yana jiran a zo a kira shi ba.

Daga baya abubuwa suka canja: kashe-kashen 1966, yaƙin 1967 zuwa 1970, sannan ƙirƙirar jihohi ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta Jihar Enugu a 1991 aka cire ta daga tsohuwar Anambra, a 1996 kuma aka yanki wani ɓangarenta aka haɗa aka yi Ebonyi. Duk lokacin da aka yi sabuwar jiha, wanda jiya ɗan gida ne yau ya wayi gari baƙo.

Ba a kanmu kaɗai aka fara ba

Wannan yana da muhimmanci mu gane, don kada mu ɗauka ƙiyayyar Bahaushe ce kawai. A 2011 gwamnatin Abiya ƙarƙashin Theodore Orji ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ta ce kowa ya koma jiharsa, bisa hujjar cewa ba za ta iya biyan sabon albashin naira 18,000 ga kowa ba. Yawancin waɗanda abin ya shafa Ibo ne daga Imo da Anambra da Enugu da Ebonyi. Yare ɗaya, addini ɗaya, amma indijin ta raba su. Ɗan Ebonyi da ke zaune a Abakpa, kuma suna da yawa, shi ma in ya je neman aikin ƙaramar hukuma layinmu ɗaya da shi.

Kuma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda ke ƙaramar hukumar Fagge, yana fuskantar irin wannan katanga. Tun a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, kuma har gobe a jihohi da dama malamin makaranta ɗan Kudu a kwantiragi yake ƙarewa, babu fansho. Duk sa'ad da muka tayar da maganar nan a gaban maƙwabtanmu Ibo, wannan ce amsar farko da za su ba mu. Gara mu shiga zancen mun san da ita.

Inda abin ya fi muni shi ne Jos. An ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991. A Afrilun 1994 aka naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar, waɗanda ke kiran kansu 'yan asali suka ƙi, rikici ya ɓarke. A Satumban 2001 naɗin wani Bahaushe a matsayin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar yana cikin abubuwan da suka hura wutar da ta ci rayuka masu yawa. A Nuwamban 2008 kuma zaɓen ciyaman ne ya jawo wani. Duk a kan kujerar ƙaramar hukuma, domin wanda ke kanta shi ke sa hannu a takardar indijin. Lissafin Enugu daban ne da na Jos, mu a nan 'yan tsiraru ne ƙwarai, ba wanda ke tsoron za mu ƙwace sakatariya. Wannan ma wata dama ce, don roƙon gurbi biyu ko uku ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma Jos ta isa ta koya mana cewa maganar nan da lalama ake bin ta.

Akwai kuma inda aka fara sassautawa. A Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufai ta ayyana cewa ta daina bambanta ɗan asali da baƙo, ta koma rajistar mazauna jiha. A Anambra, Gwamna Charles Soludo ya ɗauki malamai 5,000 a 2022 ta hanyar jarrabawa, gwamnatinsa ta ce ba a duba jihar asali ba, kuma ya naɗa wani ɗan asalin Osun da wani ɗan Abiya a matsayin manyan sakatarori. 'Yan'uwa na Anacha da Amansea su riƙe wannan, domin hujja ce a hannunsu.

Me ya sa abin ya shafe mu fiye da kowa?

Wani zai ce mu 'yan kasuwa ne, me ya haɗa mu da aikin sakatariya? A buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kafawa da kula da mahauta da kwata, da kasuwanni, da tashoshin mota. Akwai lasisin baro da amalanke da keke. Akwai kula da shaguna da kes-kes da wuraren sayar da abinci. Akwai kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da maƙabartu. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya.

Karanta wannan jerin kamar karanta rayuwar zango ne daga asuba zuwa dare. Mahauci, mai suya, mai shayi, mai kayan gwari, ɗan dako, dillalin shanu, duk a ƙarƙashin wannan jadawali suke cin abinci. Mu da muka tashi a gidan fatake mun san adadin rasit ɗin da ake yanka wa tirela ɗaya kafin ta sauke a Ugwuoba ko Lokpanta, da wanda ake yanka bayan ta sauke. Kuɗinmu na shiga, amma wanda ke riƙe da littafin rasit, da duba-garin da ke zuwa kwata, da akawun da ke rubuta sunan jariri, da wuya ka ga wanda ke jin Hausa a cikinsu.

Illar ba ta tsaya a kanmu ba, ita ma hukumar tana asara. Rikici nawa ne a kasuwa ya faro daga rashin fahimtar magana tsakanin mai karɓar haraji da yaron da ya sauka daga mota jiya, ba ya jin Ibo ba ya jin Turanci? Matan zango nawa ne ke ƙin zuwa awon ciki saboda ba wadda za su yi wa bayani da harshensu? In lokacin rigakafi ya zo sai a nemi Sarkin Hausawa da limamai su taimaka, a ɗauki yaranmu aikin kwana huɗu a sallame su. Aikin da ake nemanka ka yi na wucin gadi duk shekara, ai ya nuna akwai gurbin dindindin a wurin. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a gaban ciyaman, ta fi kukan an ware mu: ma'aikacin lafiya ɗaya mai jin Hausa da Ibo zai yi masa aikin da mutum biyar ba za su iya ba.

Inda ƙofa take

Ta farko takarda ce, kuma a nan laifin namu ne babba. Yaro na kaiwa aji uku na sakandare sai a ce ya zo kara ya koyi ciniki. Ranar da aka buɗe ɗaukar aiki, ko an ce a kawo ɗan Hausa, sai a rasa mai NCE ko mai shaidar aikin lafiya. Alhali makarantun na kusa: akwai kwalejin ilimi ta jiha a cikin Enugu, akwai ta tarayya a Eha-Amufu, akwai kwalejin fasahar lafiya a Oji River, ga IMT. Gwamnatin Peter Mbah ta sa gaba wajen gina sabuwar makaranta da asibitin matakin farko a kowace mazaɓa cikin 260 da jihar ke da su. Gini ba ya koyarwa, ba ya yin allura, dole a zuba mutane. Wanda ba shi da takarda a hannu ranar, ko maganar indijin ba za a kai ga yi da shi ba. Haka nan takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN, a yi wa yaro tun yana ƙarami, a rubuta inda aka haife shi daidai. Duk ranar da doka ta koma duba haihuwa da zama, su ne shaida.

Ta biyu ƙuri'a. Sashe na 7(4) ya ce duk wanda ya cancanci ya yi zaɓe ko a zaɓe shi a majalisar dokokin jiha, yana da wannan 'yanci a zaɓen ƙaramar hukuma. Sharuɗɗan takarar majalisar jiha kuwa, a sashe na 106, su ne zama ɗan ƙasa, shekara 25, karatun sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da kai. Babu indijin a ciki. Abin dariya ne amma haka yake: a doka ɗan Abakpa zai iya zama kansila, ya zauna a majalisar da ke kula da ma'aikatan da shi ba zai iya shiga cikinsu ba. To amma me muke yi? Zaɓe na matsowa sai tireloli su cika a tafi gida, wasu don katinsu na can ne, wasu don tsoron abin da zai biyo baya. Tsoron ba na banza ba ne, kowa ya san dalili. Sai dai ɗan siyasa akwati yake ƙirgawa. Unguwar da ba ta da ƙuri'a, ba ta da bakin neman gurbi. INEC na ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune, kuma da rajistar INEC ɗin ce hukumar zaɓen jiha ke amfani.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ƙara wa wannan nauyi. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoman riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, kuma hukuncin bai taɓa hukumar jiha mai ɗaukar manyan ma'aikata ba. Amma ciyaman da ke da kuɗi a hannu, kuma yake buƙatar ƙuri'a, ya fi kantoma sauƙin zama a yi magana.

Ta uku ita ce wadda aka fi bi, kuma ita ce na fi shakka a kanta: muƙamin mai ba da shawara kan harkokin baƙi ko al'ummar Arewa. Gwamnoni da ciyamomi a Kudu sukan ba wani daga cikinmu irin wannan. Ba laifi ba ne, yana kashe wuta in rikici ya taso. Amma naɗin siyasa ne, yana tafiya da wanda ya naɗa. Babu mataki, babu ƙarin girma, babu fansho, kuma mutum ɗaya ne. Sau da yawa ma shi ke sa a ce ai an ba ku naku. In shugabanninmu za su zauna da ɗan takara, gara su nemi abin da zai zauna: guraben mataki na 04 zuwa 06 a sashen lafiya da tsafta da kasuwa, da alƙawarin a riƙa manna sanarwar ɗaukar aiki a fili, har a ƙofar masallaci da kara, maimakon a ji labari bayan an gama rabawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ƙungiyar matasa mai rajista za ta iya tambayar ma'aikata nawa aka ɗauka, daga waɗanne mazaɓu. Kuma irin wannan takarda ta fi nauyi in an sa hannu tare da 'yan Ebonyi da Yarabawa da Igala da ke zaune a unguwa ɗaya.

Mata da masu naƙasa

Matsalar mata ninki biyu ce. Ƙa'idar Hukumar Raba-Daidai ta ce matar aure tana ci gaba da bin jihar mahaifinta. Wato 'yar Ibo da ta auri Bahaushe ba ta rasa indijin ɗinta ba. Game da 'ya'yanta kuma, tunda ƙa'idar ta ce ɗaya daga iyaye ko kakanni, a rubuce suna da hujjar neman ta garin mahaifiyarsu, ko da yake al'ada ta fi karkata ga uba. Gidajen da aka yi irin wannan auratayya su gwada, kada su yanke wa kansu hukunci tun daga gida. Ga 'yan matanmu kuwa, aikin ungozoma da malamar firamare su ne guraben da buƙatarsu ta fi fitowa fili a zango.

Masu naƙasa suna da doka ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare su.

Ƙudurin da aka janye

An sha yunƙurin gyara tushen matsalar. Taron ƙasa na 2014 ya tattauna batun 'yancin mazauna, rahoton ya shiga kabad. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ɗan Bende a Jihar Abiya, ya kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki da zai ba mutum matsayin ɗan asalin jiha ta hanyar haihuwa, ko zaman shekara 10, ko aure. Da ya wuce, yaron Abakpa da yaron Sabon Gari duk sun huta rana ɗaya. Suka ta taso masa daga ɓangarori da dama, musamman masu tsoron za a mamaye musu ƙasar gado da sarauta, kuma a Yulin shekarar ya janye shi.

Gyaran tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Duk wanda zai sake kawo irin wannan ƙuduri sai ya raba abu biyu da aka cakuɗa: haƙƙin sarauta da filin gado a gefe guda, haƙƙin aiki da makaranta da tallafin karatu a ɗaya gefen. Ba Bahaushen da ke neman zama Igwe a Nike. Har zuwa lokacin da za a yi wannan gyara, ƙa'idar 'wanda ƙaramar hukuma ta karɓa' tana nan daram, kuma sa hannun yana Nkwo Nike.